Barlaha Tafinta a Bakin Ƙofa

Duk baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa a Kustantiniya a shekarun nan, in dai ba Helenanci ya sha a nono ba, da wuya ya kwana biyu bai faɗo hannun mijina ba. Sunansa Barlaha, tafinta ne a tashar jirage. A faɗarsa harshe bakwai yake ji. Ni dai biyar na shaida, sauran biyun ina kyautata zaton zagi da cinikin kifi kaɗai ya iya da su. Asalinsa Basuriye ne, mutumin Urhai, ɗan wani mai alfadaran haya, a kan hanya ya yi wayo. Ya biyo ayari zuwa Birni yana saurayi, ya ga teku, ya gan ni, ya ce ba ya komawa. Mahaifina maƙerin tagulla ne, sai ya ba mu ɗaki a bayan maƙerarsa, cikin unguwar da ba a ajiye guduma sai rana ta faɗi. Nan muka tsufa, jifa ɗaya daga Babbar Majami'a.

Mutum ne mai kwaɗayin kunne. Sauran tafintoci sukan kai baƙo ya ga ginshiƙai da filin tseren dawaki, shi kuwa sai ya ce wa mutum, zo ka ji. Da safe ya ja su gidan sufayen nan da ba sa barin waƙa ta yanke, waɗannan su gama da Suriyanci, waɗancan su ɗauka da Helenanci, wasu su karɓa da Latinanci. Ya fita da su bayan ganuwa, inda sojojin Gotawa, baƙi daga arewa, ke tasu sujadar da murya kamar ana mirgina ganga a kan dutse. Ranar da jama'a suka fito zagayen gari da zabura kuwa, ya san lungun da in ka tsaya za ka ji amshin na gaba da na baya suna karo. Da yamma ya dawo da waƙar wani Ba'armene ko wani Bakibɗe a bakinsa, ya yi ta gurnaninta a kaina ina gyaran kifi. Amma abin da ya fi so ya ji duk duniya yana nan kusa da gida, kuma shi ne bai taɓa ji ba.

A Babbar Majami'a sujada kashi biyu ce. Kashin farko na kowa da kowa ne, a rera zabura, a yi karatu, a yi wa'azi. Ana gama wa'azi dikon, mai hidimar majami'a, zai miƙe ya ce masu koyo su fita, wato duk wanda ba a yi masa baftisma ba tukuna. Su fita, a ja manyan ƙofofi a rufe. Abin da ake yi bayan nan, da waƙoƙin da ake rerawa a kan gurasa da ƙoƙo, namu ne mu da muka shiga ruwa, kuma an hana mu faɗa wa na waje ko da kalma ɗaya. Barlaha mai koyo ne. An yi masa alamar gicciye a goshi tun yana yaro, aka bar sauran sai ya girma, da ya girma shi kuma ya bar sauran sai ya tsufa. Ba shi kaɗai ba ne. Maza da yawa haka suke yi, musamman sojoji da 'yan kasuwa, don ruwan nan sau ɗaya ake shiga, ya wanke duk abin da mutum ya aikata a baya, wanda ya biyo baya kuwa yana wuyansa.

To kowace Lahadi sai ya kai baƙinsa har tsakiyar majami'a, ya tsayar da su inda murya ta fi sauka, ya yi ta raɗa musu fassarar wa'azi, wannan da Armeniyanci wancan da Kibɗanci. Dikon na buɗe baki sai ya dafa kafaɗunsu ya ce, "To, ku jiyo mini," ya bi sahun masu fita zuwa farfajiya. Ni ina sama a benen mata ina kallon ƙeyarsa tana fita, tun gashin ƙeyar yana baƙi har ya yi fari. A waje yakan zauna ya jingina da ƙofa. Abin da ke ratso katako da tagulla ɗan gunji ne kawai, ba ka rarrabe kalma, ba ka rarrabe inda waƙa ta dosa.

"Maigida," na ce masa wata rana muna cin gurasa da zaitun, "kai dai wanzami ne, ba ka son jarfa. Mutum nawa ka kai ciki?"

"Domnika, bar ni in ci abinci."

"Ci mana. Baki ke ci, ni da kunne nake magana."

"To ji. Jiya a tasha wani Bamasare ya zagi uwar wani Ba'armene a kan buhun alkama. Ba'armenen da wuƙa a ƙugu. Ya juyo ya ce mini, me ya ce? Na ce yana tambayar lafiyar tsohuwa. Wannan ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce?"

"Ƙarya ce."

"Madalla. Irinta nake yi tun safe har yamma, da ita kike cin zaitun ɗin nan. In shiga ruwa yau in fito fes, gobe in koma tasha in yi birgima? Bari dai in gama da dattin gaba ɗaya, in yi wanka sau ɗaya."

"Kun yi magana da mutuwa ke nan, ta ce za ta aiko kafin ta zo?"

Ya tauna zaitun ya tofar da ƙwallon. Sai ya sassauta murya, irin wadda yake yi wa baƙo mai taurin ciniki. "Ke dai ki ɗan rera mini ko baiti ɗaya. Wa zai ji?"

"Wanda ake rera wa."

Ya roƙe ni abin nan ya fi a ƙirga. Ban taɓa yi ba, kuma ko yau aka mayar da ni baya ba zan yi ba. An ce kar a faɗa, shi ke nan. Ban da haka ma na san mijina, in na ɗanɗana masa a gida babu abin da zai kai shi ciki.

Yana da aboki, Pamun, Bamasare mai jirgin alkama, wanda ke zuwa kowace shekara in teku ta kwanta. Shi ma ya sha roƙo. Pamun zai fito daga sujada yana share ido da hannun riga, ya tarar da Barlaha zaune a gindin ƙofa.

"Ɗan Urhai, yau ma gadi ake? Nawa suke biyan ka?"

"Bar wannan. Yaya aka yi yau?"

"Ai ba ya faɗuwa. Ka san ni Helenancina na ciniki ne, ban tsinci komai ba. Amma da mawaƙa suka ɗauka jama'a suka amsa, sai na ji ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafata kamar ina cikin jirgi."

"Daga sama suke ɗauka ko daga ƙasa?"

"An hana."

"Ni fa na nuna maka wurin tsayuwar nan, Pamun."

"Allah ya saka da alheri. An hana."

Abin nan yana ƙona mini rai, in faɗi gaskiya. Matuƙan jirgi da fatake da ba su san ko kalma ɗaya ba suna shiga su kwashi rabonsu su fito suna hawaye, shi kuma da zai gane kowace gaɓa, ya san wace murya ce ta Antakiya wace ce ta Iskandariya, yana zaune da mabarata a waje saboda wayon banza.

Akwai shekarar da na ce na ci nasara. Zazzaɓi ya kwantar da shi cikin hunturu, ya tsorata, yana tashi ya je ya ba da sunansa kafin azumi. Mai neman baftisma duk tsawon azumin nan yake zuwa koyo kowace safiya, ba nama, ba wanka, ba fashi, sai jajibirin Ista a sa shi a ruwa. Na sayi farin yadi na ɗinka masa rigar fitowa daga ruwa. Ana tsakiyar azumi sai ga ayarin fataken Farisa, ana neman mai jin harshensu ido rufe. Ya ce mini kwana biyu ne. Ya bi su har Nikomidiya, ya dawo an yi Ista an watse, da ƙullin busasshen ɓaure wai tsarabata. Ya ce baɗi. Na ɗauko rigar na yayyaga ta a gabansa na yi tsumman goge tukwane.

Kunnen ba rana ɗaya ya tafi ba. Duk maƙeran unguwarmu da ihu suke magana in sun tsufa, mahaifina ma haka ya ƙare, amma ban taɓa kawo wa Barlaha ba, tunda shi ba guduma yake riƙewa ba, zama kawai yake a bayanta. Da farko sai na ga yana juya wa mutane gefen dama. Sai ya fara ƙorafi wai 'yan zamani suna cinye magana a baki. Ya ce sufaye sun yi lalaci, ba sa ɗaga murya kamar da. Ya ce Gotawa ma sun yi laushi. Ran da ya ce Gotawa sun yi laushi na gane kunnen ne, don waɗannan ko kurma ya san suna sujada. Ya daina dawowa da sabuwar waƙa, sai tsofaffin yake ta juyawa. A tasha kuma matasan tafintoci suka fara janye masa baƙi.

"Maigida, kunnenka na tafiya."

"Me?"

"Na ce kunnenka na tafiya."

"Kunnena lafiyarsa lau. Ke ce kike magana da tukunya ki ce da ni kike."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ka ba da suna bana."

"Baɗi, in Allah ya kai mu. Bana jirage sun yi yawa."

Na ce masa abin da na ce, ba sai na maimaita ba. Bai ji rabi ba, wannan ne ma ya hana mu faɗa.

Abin ya fashe wata Lahadi da bazara, Pamun yana gari. Aka gama wa'azi, dikon ya ce masu koyo su fita, suka fita. Barlaha na tsaye kansa a sama yana kallon fitilu. Dikon ya maimaita. Masu tsaron ƙofa suka riƙe ƙyaure suna jira, jama'a suka fara waige. Ni ina bene ina yi masa hannu kamar mahaukaciya, bai dubo ba. Sai da dikon da kansa, wani matashi Akakiyos, ya sauko ya kama shi a gwiwar hannu ya raka shi waje, duk majami'a na kallo. Mutumin da shekara da shekaru shi ke fara juyawa kafin a rufe baki.

Da aka tashi na same shi a gindin ƙofar, Pamun na tsugune gabansa, wannan karon ba tsokana. Barlaha ya dube ni ya ce, da ƙarfi, don ya daina sanin girman muryarsa, "Na manna kunnen dama a jikin ƙofa, Domnika. Sai da na danna sosai na ji kaɗan. Da daga can bakin rijiya nake ji."

Washegari tun kafin maƙera su hura wuta ya ja ni muka je wurin Akakiyos. Wai a yi masa baftisma a makon nan.

"Baba," in ji dikon, yana magana a bakin kunnensa, "lokaci ya wuce. Sai ka ba da suna kafin azumi, ka yi koyo, a yi maka jajibirin Ista tare da kowa."

"Ista ai da saura, ɗana. Ko inabi ba a tsinka ba."

"Haka tsarin yake. Wanda ke bakin mutuwa kaɗai ake yi wa ba lokaci."

"To kunnena yana bakin mutuwa."

"Ba kunne ake yi wa baftisma ba, Baba."

Na sa baki. Na ce mutumin nan ya kawo wa majami'ar nan baƙi fiye da tattabarun da ke kan rufinta, wa'azin da ake yi a nan shi ya kai shi kunnen Armeniyawa da Masarawa, a dube shi. Akakiyos ba mugu ba ne, ya saurare ni har na gaji. Sannan ya ce, "Inna, ƙofar nan a buɗe take gare shi tun ba a haife ni ba." Maganar da na shekara talatin ina faɗa ce, sai dai ban so jin ta a bakin wani ba.

A hanyar gida Barlaha ya tsaya ya kama hannuna. "Ji nan. In kwanta, ki shafa mini toka a fuska, ki ruga ki ce ina shure-shure. Kafin azahar an yi an gama."

"Ka yi ƙarya don a wanke maka ƙarya?"

"Ta ƙarshe ce. Ita ma ruwan zai tafi da ita."

"Tawa fa? Ni na riga na shiga nawa ruwan."

Ya saki hannuna. Har muka isa gida ina jin haushinsa da na dikon da na kaina.

Daga ranar ya shiga tattalin ɗan jin da ya rage masa kamar mai ajiyar hatsi a shekarar fari. Ya daina zuwa tasha. Ya toshe kunnuwansa da ulu da kakin zuma, wai kar ƙarar guduma ta cinye sauran. Muka tattara muka ƙetare ruwa zuwa Sikai, gidan 'yar ƙanwata, inda babu maƙera. Ba ya zuwa wurin sufaye, ba ya fita in ana zagayen zabura, ya ce duk abin da ya ji yanzu ragi ne a kan na ranar. Kowa ya kawo magani sai mu karɓa. Na ɗiga masa man zaitun mai ɗumi, na ɗiga ruwan albasa, na ɗiga matsarmamar kifi da wata tsohuwa ta rantse a kai. Pamun kafin ya juya da jirginsa ya bar masa wani mai daga kabarin wani waliyyi na ƙasarsu. Kowace safiya Barlaha zai cire ulun, ya ce in tsaya bakin ƙofa in kira sunansa. Da kaka yana amsawa daga bakin ƙofa. Da hunturu sai na tako tsakiyar ɗaki. Da azumi ya kama sai na sunkuyo kansa, shi ma sai in ya ga bakina.

Koyon dai bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Kullum mu hau kwalekwale da sassafe, ya zauna sahun gaba cikin samari da bayi da matan sojoji, ya ƙura wa bakin mai koyarwa ido. Akakiyos, Allah ya yi masa albarka, yakan tsaya bayan an tashi ya yi ta zuba masa abin da ya wajaba ya haddace a cikin kunne har muryarsa ta dushe. Barlaha ya rame, ya yi datti don rashin wanka, amma bai yi ƙorafi ba. Ni ce mai ƙorafin.

Jajibirin Ista da la'asar aka sa su a ruwa. Ana kunna fitilu aka shigo da su majami'a a jere, kowa da farar riga, mai na sheƙi a goshinsa. Na yi ta kutsawa cikin mata har na kai bakin bene, wata ta ce na taka ta, na ce ta yi haƙuri ko kar ta yi. Na hango shi. Ya bar sahunsu ya je ya tsaya daidai wurin nan da yake tsayar da baƙinsa. Majami'a ta cika maƙil, ga Suriyawa, ga Armeniyawa, ga fataken da ban san ƙasarsu ba.

Aka yi karatu. Dikon ya ce masu koyo su fita. Barlaha ya ga mutane na juyawa, ya harɗe hannuwa a ƙirji ya kafe ƙafa. Da aka ja ƙofofi ya waiwaya ya kalli yadda ake rufe su daga ciki, yana murmushi kamar an ba yaro zuma. Sannan ya zaro ulun daga kunnuwansa ya jefar a ƙasa.

Mawaƙa suka ɗauka. Ni da na ji waƙar nan tun ina budurwa ban taɓa jin an yi ta haka ba, ko kuwa ranar ce na fara saurare da gaske. Jama'a suka amsa, katakon benen ya kama rawa a tafin hannuna. Na duba ƙasa. Barlaha ya kara hannu a bayan kunnen dama, ya karkata kai. Ya juya na hagu. Ya dubi bakin na kusa da shi, ya dubi bakin mawaƙa. Can sai ya ɗago kai yana laluben benen mata da ido har ya same ni, ya ɗaga hannu ya juya tafinsa sama, yana tambayata ko an kai wurin. Na gyaɗa masa kai. Ya rufe ido ya tsaya cik, yana jira, har aka kai ƙarshe aka yi shiru yana nan tsaye yana jira.

A farfajiya mutane suka yi ta rungumarsa, kowa na yi masa barka da harshensa. Yana cewa madalla, madalla. Wani ya tambaye shi yaya ya ji, ya ce madalla.

Ranar Ista da rana muna gidanmu na unguwar maƙera, shiru ko'ina saboda biki. Na ajiye masa naman rago da ƙwai, abincin da ya yi azumi yana mafarki. Bai taɓa ba. Ya ce, da muryar nan tasa da ke kaiwa titi, "Yanzu dai an halatta miki. Rera mini waƙar."

Muryata ba ta waƙa ba ce, ko a bene a hankali nake bin jama'a. Na durƙusa gefensa, na kama kansa da hannu biyu, na manna bakina a kunnen dama na ɗauka daga farko.

"Ɗaga murya."

Na ɗaga.

"Ƙara, Domnika."

Na ƙara har maƙogwarona ya fara zafi, har matar maƙwabci ta leƙo ta taga tana zaton faɗa muke. Ya riƙe wuyan hannuna gam, idonsa a rufe.

"Ina dai jin ɗumin numfashinki," ya ce.

Na ci gaba har na kai ƙarshe, don ba a yanke ta a tsakiya.